Shin ya dace doka ta tilasta wa mai keke bin hanyar da aka ware masa?

Abu Sadiƙ, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa da ke wannan zaure. Wata gardama ce ta haɗa ni da kawuna a daren Juma'ar da ta wuce, muka tashi kowa yana kan bakansa, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gabanku, domin na san a cikinmu akwai direbobi, akwai masu hawa keke irina, akwai kuma waɗanda Allah ya ba su ilimin da ya shafi hanya.

Ni ma'aikaci ne a wani ɗakin ajiyar kaya da ke kudancin Jidda. Tun da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulel da Karantina, inda da yawa daga cikinmu muka zauna shekara da shekaru, gidan hayar da na samu ya yi nisa da wurin aikina, kuɗin mota na kullum kuma ya fi ƙarfin albashina. Sai na sayi keke na hannu, na sa masa sabuwar sarƙa da tayar baya, yau kusan shekara uku ke nan da shi nake zuwa aiki, tafiyar kilomita takwas zuwa, takwas dawowa. A cikin wannan tafiya duka, wurin da aka shata wa keke hanya bai kai kilomita ɗaya ba, a gefen wani titi da aka gyara. Layi ne aka ja da fenti, aka zana hoton keke a kan kwalta, babu dakali, babu wani shinge tsakaninsa da motoci.

Ranar Talata da magariba ina dawowa ta wannan layi, sai na tarar wata tankar ruwa ta tsaya a kansa cif, a gaban wata bakala, wato ƙaramin kantin kayan masarufi, direban ya shiga sayen shayi. Ta dama dakalin masu tafiya da ƙafa ne, mai tsawon da taya ba za ta iya hawa ba. Na waiga, na ɗaga hannu, na ratsa cikin titi domin in zagaye ta. Kafin in kai tsakiyar tankar sai na ji ƙarar birki, madubin wata mota ya shafi gwiwar hannuna, na yi tangal-tangal, Allah ya tsare ban faɗi ba. Mai motar ya sauke gilashi yana nuna mini layin da yatsa, yana cewa ga hanyarku can, me ya fito da kai nan. Hanyar da yake nunawa kuwa tana ƙarƙashin tanka.

Da na ba kawu labari, shi kuma ya shekara talatin yana tuƙi a ƙasar nan, sai ya ce mai motar ya fi ni gaskiya. A ganinsa duk inda aka ware wa keke hanya, doka ta ɗaure mai keke a kanta, wanda ya fita a ci shi tara, idan kuma mota ta buge shi a waje to shi ya jawo wa kansa. Ya ce da na sauka na tura keken ta kan dakali, da ba a yi haka ba. Ni kuma na ce idan za a tilasta mini hanya, a fara tilasta wa mai tanka ya bar mini ita.

Tambayata ita ce: shin adalci ne a wajabta wa masu keke bin hanyar keke a duk inda take, ko kuwa a bar wa mai keke zaɓi, ya bi ta idan ta yi kyau, ya bar ta idan ta lalace? Ba ina neman a ba ni gaskiya a kan kawu ba ne, shi uba ne, na riga na ba shi haƙuri a kan ɗaga muryar da na yi.

Baba Direba, Makka

Wa alaikumus salam. Ɗana, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Ban san kawunka ba, amma maganarsa ita ce tawa, kuma ina so ka saurare ta daga bakin wanda yake zaune bayan sitiyari tun asuba har bayan isha'i.

Ku masu keke kuna ganin mu ne masu ƙarfi, mu ne a cikin ƙarfe, saboda haka ba mu da abin tsoro. Wallahi babu abin da ke kada hanjin direba kamar keke. Mota na san inda za ta bi, tana da fitila, tana da sigina, tana da lamba, idan ta saɓa kyamarar Sahir ta ɗauke ta, kafin mai ita ya isa gida saƙon tara ya shigo masa a waya. Mai keke fa? Bayan sallar asuba ina fitowa daga wajen Shari' Mansur, sai in ga mutum ya ɓullo yana fuskantata, ya biyo hannun da ba nasa ba, babu fitila gaba babu baya, tufafinsa masu duhu, ya ɗaura kwali uku a kan kariya har ba ya iya waiwaye. Wani kuma danja ta tsayar da mu, shi sai ya sulale ta tsakanin motoci ya wuce kamar ba da shi ake ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Ka san abin da ke kan direba idan ƙaddara ta faɗa? Diyyar kisan kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce. A ce inshora ta biya. Azumin wata biyu a jere da Allah ya ambata a Suratun Nisa'i, wa zai ɗauke maka shi? Tsarewar da za a yi maka kafin Murur, wato 'yan sandan hanya, su gama bincike, da zaman da iyalinka za su yi babu mai kawo cefane, da kafili, wato ubangidan da takardar zamanka ke ƙarƙashinsa, da zai iya cewa ya gaji da kai, duk wannan a kan mutumin da ban ma gan shi ba sai da ya zo kan bonet. Ina da aboki, tare muka fara aikin nan, irin haka ta same shi shekaru da suka wuce. An wanke shi, an ce ba shi da laifi, amma har yau ba ya iya tuƙin dare, ya koma gadin gida.

Ko ƙwai ne ya faɗa kan dutse, ko dutse ya faɗa kan ƙwai, ƙwan ne zai fashe. To tunda haka ne, a raba su. Hukuma ta kashe kuɗi ta ware muku wuri, ku zauna a cikinsa, mu ma mu san cewa daga wannan layi zuwa can namu ne, babu wanda zai faɗo mana. Mai tankar da ka ce, ya yi laifi, a ci shi tara, ban kare shi ba. Amma laifinsa bai zama lasisin da zai sa ka shiga gaban mota da magariba ba, lokacin da ido ba ya rarrabe mutum da inuwa. Saukowa ka tura keke taku ashirin ba zai rage ka da komai ba. Da za a tambaye ni, sai in ce a wajabta hanyar, a wajabta fitila da hular kwano, a kuma ba kowane keke lamba.

Injiniya Abu Hafsa, Riyad

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa game da mai keken da ke bin hannun da ba nasa ba, babu fitila, yana ƙetare danja, gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai kare shi. Sai dai ina roƙon a lura cewa waɗannan laifuffuka ne masu zaman kansu, ana iya hukunta su ko da hanyar keke ko babu. Abin da ɗan'uwa Abu Sadiƙ ya tambaya daban ne: mutum yana kan hannunsa, yana bin ƙa'ida, shin a ɗaure shi a kan layin da aka ja masa ko da layin ba ya biyuwa? Aikina ya shafi zanen tituna, don haka zan ɗan tsawaita, a yi mini afuwa.

Kalmar "hanyar keke" tana rufe abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Akwai hanyar da aka raba da titi da dakali ko shinge ko jerin bishiyoyi, mai faɗin da keke biyu za su iya wuce juna, wadda aka tsara mata yadda za ta ƙetare mararraba. Akwai kuma layin fenti a gefen kwalta. Fenti ba ya tare mota. Wani lokaci ma yakan ƙara haɗari, domin direban da ya ga layi sai ya ɗauka muddin tayarsa ba ta taka shi ba to ya ba da haƙƙi, sai ya wuce mai keke da tazarar kamu biyu, alhali da babu layin da ya ɗan kauce. Gefen titi kuma shi ne bolar titi. Duk yashin da iska ta kwaso, da tsakuwar da ke zuba daga tifa, da fasassun gilasai, da ƙusoshi, tayoyin mota suna share su zuwa can. A nan ne murafun magudanar ruwa suke, waɗanda ramukansu kan kama siririyar taya. Idan kuma an ja layin a jikin motocin da ke fake, to an sa mai keke daidai inda ƙofa ke buɗewa, kuma wanda ƙofa ta make yana gudun kilomita 20 a awa, cikin titi yake faɗawa.

Wuri mafi muni shi ne mararraba. A ƙasar nan hannun dama ake bi, hanyar keke kuma tana can ƙarshen dama. Mai keke yana son ya miƙe, babbar mota da ke hagunsa tana son ta sha kwanar dama. Direban babbar mota yana sama, akwai wani yanki a gefen damansa da madubi ba ya nuna masa, kuma idan ya karya kwana tayoyin baya sukan yanke hanya su matso ciki fiye da na gaba. Gogaggen mai keke ya san wannan, shi ya sa kafin ya isa mararraba yakan fito ya tsaya a tsakiyar layin motoci, a bayan babbar motar ko a gabanta, inda kowa ke ganinsa. Dokar da ta ce kada ya kuskura ya bar layinsa, ta hana shi yin abu ɗaya da zai cece shi a wannan wuri. Haka kuma wanda zai juya hagu, ta ina zai bi idan an hana shi barin dama?

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan gardama ba su tsaya a amsa ɗaya ba. A Jamus da can wajibi ne mai keke ya bi duk hanyar keken da ya gani. A 1997 suka gyara dokar, ya zama wajibcin yana kan hanyar da aka kafa wa shuɗin allo mai hoton keke kaɗai, sauran kuwa zaɓi ne. A 2010 babbar kotun harkokin mulki ta tarayya da ke Laifzig ta yanke cewa hukuma ba za ta kafa wannan allo haka kawai ba, sai inda yanayin wurin ya sa tafiya a kan titi ta zama haɗari na musamman. Wato nauyin kawo hujja ya koma kan mai tilastawa. A 2020 suka ƙara da cewa mai mota ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce keke a cikin gari, mita biyu a bayan gari. A Birtaniya kuwa, ƙa'idojin hanya da aka sabunta a Janairun 2022 sun bar wa mai keke zaɓi, ya bi hanyar keke idan ta fi masa aminci da sauƙi, ba dole ba ne, suka kuma jera masu amfani da titi ta yadda wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. Duk da haka ba a barin keke ya hau manyan titunansu na gudu, kuma babu mai jayayya da hakan.

Holan ce hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren Baba, domin a can hanyar da ke da zagayayyen shuɗin allo wajibi ce, kuma babu ƙasar da ta fi su hawa keke. Amma a duba yadda suka kai nan. A 1971 mutum sama da 3,000 ne suka mutu a titunansu, fiye da 400 daga ciki yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga takunkumin man fetur na 1973, zamanin Sarki Faisal, wanda Holan na cikin ƙasashen da aka hana wa mai, har ta kai suna hana motoci fita ranar Lahadi. Abin mamaki, daga ƙasar da muke zaune ne aka tura su kan keke. Daga nan suka shiga gini, shekara bayan shekara, hanya mai shinge, mai danjarta, mai zuwa makaranta da kasuwa da tashar jirgi. Wanda aka shimfiɗa wa irin wannan hanya ba ya bukatar ɗan sanda ya kora shi kanta, da ƙafarsa zai je.

A nan Riyad akwai babban aikin nan na Masar Riyadi, wato doguwar hanyar keke da motsa jiki, da Sarki Salman ya ƙaddamar a Maris na 2019, mai tsawon sama da kilomita 135, daga Wadi Hanifa a yamma zuwa Wadi Sulai a gabas. Na hau keke a sassan da aka buɗe, kuma aiki ne da ya amsa sunansa. A titin da ke da irin wannan hanya a gefensa, motoci kuma suna gudun 80 ko fiye, ina tare da Baba ɗari bisa ɗari, a wajabta. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai birki ta riga ta wuce tsawon motoci huɗu, kuma idan gudu ya ninka biyu ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake yi. Babu ƙwarewar da za ta sa keke ya zauna lafiya a nan. Amma layin fentin Abu Sadiƙ, wanda bai kai kilomita ɗaya cikin takwas ba, wanda tanka ke shan shayi a kansa, idan aka wajabta shi abin da za a samu kawai shi ne hujjar ɗora wa wanda aka buge laifi. Mai binciken haɗari zai zo, ya ga keke a wajen layi, ya rubuta kaso mafi yawa na laifin a kan mai keke, tankar kuwa ta daɗe da tafiya.

Ummu Salim, Jidda

Assalamu alaikum. Ni ba na tuƙi, ba na hawa keke, amma ina da yara uku, kuma akwai ɓangaren da ban ga an taɓo ba. Kuna ta maganar keke da mota, kun manta da mai tafiya da ƙafa.

Mukan fita Kornish, wurin shaƙatawa na bakin teku, da yamma a ƙarshen mako, can wajen da aka gyara aka buɗe a 2017. An ware wa kekuna hanyarsu, an ware wa masu tafiya tasu. Duk da haka sai ka ga saurayi ya bar tasa ya shigo cikin iyalai yana gudu, ko ƙararrawa babu. Watan jiya autana, ɗan shekara huɗu, ya saki hannuna zai bi ƙwallo, wani ya wuce ta gabansa har iskar keken ta ɗaga masa riga, da ya ƙara taku ɗaya da yanzu wani labarin ake yi. Abin da mota take ga Yaya Abu Sadiƙ, shi keke yake ga ɗana. A irin wannan wuri ban ga dalilin da zai sa a ce zaɓi ne ba, hanyar tana nan, shimfiɗaɗɗiya, babu tanka a kanta.

Amma kuma in faɗi gaskiya a kanmu. Mu ma mata da yara mukan bi ta kan hanyar kekunan muna hira, wasu har keken jarirai suke turawa a kai, na ga waɗanda suka shimfiɗa darduma rabinta a kan layin suka ɗora flas ɗin shayi. Mai keke ya zo ya rasa ta inda zai bi. Shawarar da Baba ya ba da ta a hau dakali ita ma ina da ja a kanta, domin wanda ya sauka ya tura ɗaya ne cikin goma, sauran a kan keken za su hau, su same mu a can.

Ɗalibin Madina

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina neman izinin malamai in ɗan ƙara abin da ya sauwaƙa ta fuskar fiƙihu, domin mas'alar tana da asali a wurin malamanmu tun kafin a ƙera keke. Titi haƙƙi ne na jama'a, kowa yana da ikon wucewa, amma fuƙaha'u sun ɗaure wannan iko da sharaɗin aminci, wato ka wuce ba tare da ka cutar da wani ba. Sun yi magana a kan wanda ya tsayar da dabbarsa a tsakiyar hanya, ko ya ajiye kaya, ko ya haƙa rami, wani ya zo ya halaka ta dalilinsa, suka ce akwai lamuni a kansa, wato biyan abin da ya salwanta. Mai tankar nan bai fita daga wannan babi ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa haƙƙin hanya, kame cuta yana ciki. Kawar da abin cutarwa daga hanya kuma reshe ne na imani, to ina ga wanda ya kawo shi ya girke?

Ta ɗaya ɓangaren, shugaba yana da ikon taƙaita abin da yake halal saboda maslaha, kuma dokokin hanya suna cikin wannan, bin su wajibi ne, ba a cewa tunda babu aya a kan danja to ƙetare ta ba laifi. Saboda haka idan hukuma ta ce masu keke su bi hanyarsu, asali shi ne a bi, kuma Baba yana da gaskiya a nan. Sai dai ƙa'idar da ta ba shugaba wannan iko ita ce ta ɗaure shi, domin malamai sun ce tasarrufin shugaba a kan talakawa rataye yake da maslaha. Manufar dokar kare rai ce. Idan bin lafazinta a wani wuri zai kai mutum ƙarƙashin babbar mota, an riƙe ɓawo an zubar da ƙwaya. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma wanda aka toshe wa hanya ba a ce masa ya ratsa ƙarfe.

Akwai wani abu da ke damuna, Malam Injiniya zai fi ni sani. Masu keke a garuruwan nan kashi biyu ne. Akwai masu motsa jiki, da kekuna masu tsada, waɗanda sukan ɗora keken a bayan mota su kai shi inda hanyar take, su zagaya su dawo. Akwai kuma masu gadin gidaje, da masu wankin mota da bokiti rataye a kan keke, da leburori, da yaran bakala masu kai saƙo. Hanyoyin da aka gina, galibinsu inda kashin farko ke shaƙatawa suke. Tara kuwa, idan an sa ta, a kan kashi na biyu za ta riƙa sauka, mutanen da riyal ɗari ke nufin cefanen kwanaki, waɗanda kuma tsayawa gaban jami'i ke tsinka musu zuciya ko da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, lafiya take. Wanda ya zauna Kano a 2013, lokacin da aka hana acaɓa, ya ga yadda doka ɗaya kan kwana ta tashi da abincin dubban gidaje, ko da kuwa dalilinta mai ƙarfi ne.

Baba Direba, Makka

Malam, Allah ya ƙara ilimi, Injiniya kuma na ji bayaninka, na ƙaru da maganar kwanar babbar mota, domin na tuƙa ta shekara shida, kuma gaskiya ne akwai inda ba ka gani. Amma ku bar ni da abu ɗaya. Idan aka ce zaɓi ne, wa zai yi zaɓin? Injiniya yana maganar gogaggen mai keke. Wanda nake haɗuwa da shi da asuba bai fi wata biyu da sauka daga jirgi ba, bai taɓa ganin titi mai layi biyar ba, bai san wane hannu ake bi ba. Ka ce masa idan ka ga hanyar ba ta yi maka ba ka fito, wallahi kullum ba za ta yi masa ba. Dokar da ke da "sai dai idan" a cikinta, a kan takarda take da kyau.

Abu Sadiƙ, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganar fitila ta shige ni, domin gaskiya ranar da abin ya faru ta bayan kekena ta mutu tun makon da ya gabata ban gyara ba, kuma wannan ban faɗa wa kawu ba. Jiya na sayi sababbi guda biyu, fara a gaba, ja a baya, da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi. Hajiya Ummu Salim, ni ma na sha hawa dakali idan titi ya cushe, ban taɓa kallon abin ta inda kike kallonsa ba.

Inda har yanzu ban sauka ba shi ne batun a ce duk wanda aka buge a wajen layi shi ya jawo. A Shari' Sittin akwai ƙaton keken ƙarfen nan da kowa ke kwatance da shi, an ce da wurin Maidan Darraja, tun muna yara muke ɗaga kai muna kallonsa. Ban taɓa samun ƙarfin halin bi ta wurin a kan keke na gaske ba, kuma ban san wanda ya taɓa ba a cikin abokan aikina.

Injiniya, ina da ƙaramar tambaya idan ba za ka damu ba. Yau da safe na sake bi ta layin nan. Babu tanka, amma akwai motoci biyu a fake a kansa, da kwandon shara na ƙarfe da aka turo daga gaban bakalar, ga yashi ya rufe hoton keken har ba a ganin tayar gaba. Na sauka na tura kamar yadda Baba ya ce, sau uku a cikin wannan ɗan taƙi, na isa aiki a makare da minti goma. Idan mutum yana son ya kai ƙorafi a kan irin wannan, wajen Murur zai nufa ko wajen baladiyya, wato hukumar birni?